Wa Zai Riƙe Sandar Makiyayi a Kirsimetin Bana?

Da zarar hunturu ya gangaro daga duwatsun Kagoro, hazo ya lulluɓe gari, leɓuna suka fara tsagewa, ni na san aikina ya zo. Na haura shekara ashirin ina koyar da yara a makarantar Lahadi a wata majami'a a nan Kafanchan, kuma a hannuna ake barin wasan kwaikwayon haihuwar Yesu Almasihu, wanda yara kan yi a jajiberin Kirsimeti. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba. Tsofaffin zannuwa ne da matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, ke ara mana, da kwandon kaba da muke cika wa ciyawa ya zama komin dabbobi, da tauraron kwali da aka manna wa takarda mai ƙyalli, sai sanduna uku ko huɗu na makiyaya.

Ranar rabon matsayi ita ce ranar hayaniya. Kowace yarinya Maryamu take so ta zama, in ta rasa ta nemi mala'ika saboda farar riga. Maza kuwa rububin sarki Hirudus suke yi, don shi ke sa kambi yana daka tsawa. Makiyaya ba su taɓa ba ni wahala ba, tunda yaro da sanda ba ka raba su. Haka abin yake har farkon Disamban 2017. Ran nan na miƙa wa wani yaro ɗan shekara tara sanda, sai ya mai da hannuwansa baya, ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Karɓi mana, ɗana."

Ya ce, "Malama, ki ba ni wani abu dabam. Ni ba zan zama makiyayi ba."

"Don me?"

"Su ne suka ƙona gidan kakata."

Sauran yaran suka yi tsit. Na dubi ukun da na riga na ba sanduna, sai na ga ɗaya ya lallaɓa ya jingine tasa da bango. Ban sami abin faɗa ba a lokacin. Na ce mu rera waƙa, muka rera, na sallame su da wuri, na zauna ni kaɗai a kan bencin yara har rana ta faɗi.

Wanda ba ɗan yankin nan ba zai yi mamakin abin da ya sa kalma ɗaya ta yi wa yaro nauyi haka. Shekara guda kafin nan, ranar 24 ga Disamban 2016, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyen Goska, nan kusa da mu a ƙaramar hukumar Jema'a, suka kashe mutane, suka ƙona gidaje, alhali dokar hana fita tana aiki. A shekarar ba mu yi wasa ba, kowa a bayan ƙofarsa ya ga Kirsimeti. Sannan 'yan makonni bayan maganata da yaron nan, ranar 22 ga Disamban 2017, aka buɗe wuta a kan masu waƙoƙin Kirsimeti a Nindem, wajen Godogodo. A Disamban 2022 ma an kashe mutane da yawa a Malagum da Sokwong ta ƙaramar hukumar Kaura, ana saura mako guda biki. Yaranmu sun taso suna jin manya na ambaton makiyaya da muryar tsoro, ga shi kuma Littafi Mai Tsarki ya ce makiyaya ne aka fara yi wa albishir.

Tun daga ranar nake ta juya tambaya ɗaya a raina: me ya rage na bangaskiya a cikin Kirsimetinmu? A Amurka da Ingila, kukan da masu bi ke yi shi ne kantuna da Baba Kirsimeti da itacen ado sun ture Yesu gefe. Mu ma abin ya fara leƙo mu, don yanzu har a Kafanchan za ka ga saurayi cikin jar riga da gemun auduga yana zufa yana raba alewa. Amma wannan ba shi ne ciwonmu ba. Namu ciwon bashi ne, da gasar sutura, da kwalba, da tsoron da ya daɗe har ya rikiɗe ya zama ƙiyayya.

Bari in ɗan yi wa masu karatu Musulmi bayani, don na san su ne mafi yawa. Kirsimeti tunawa ce da haihuwar Yesu, wanda kuka sani da Annabi Isa ɗan Maryama, mai sura guda da sunan mahaifiyarsa a Alƙur'ani. Mun haɗu da ku a kan cewa budurwa ce ta haife shi da ikon Allah. Mun rabu a kan ko shi wane ne, domin mu mun gaskata Mai Ceto ne, Allah ne da ya zo ya zauna tare da mutane, kuma ba na ɓoye wannan don a ji daɗina. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a 25 ga Disamba daga birnin Rum ya fito, na shekarar 336, kuma har gobe Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha sai 7 ga Janairu suke nasu. Ashe ranar ba ita ce gaɓar ba, labarin ne.

Labarin kuwa yana cikin Bisharar Luka da ta Matiyu, kuma duk wanda ya karanta shi da idon ɗan Kudancin Kaduna zai ga kamar a ƙauyensu aka yi. Hukuma ta ba da umarnin ƙidaya, talaka ya kama hanya da mace mai tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami. Masauki ya cika, haihuwa ta zo, aka kwantar da jariri a komin dabbobi. Mutanen da ke kwana a daji da garke, waɗanda 'yan birni ba su ɗauke su a bakin komai ba, su aka fara sanar wa. Daga baya sarki ya ji tsoron kujerarsa, ya sa aka karkashe yara maza 'yan shekara biyu zuwa ƙasa, Yusufu, mijin Maryamu, ya ɗauki iyalinsa da dare suka yi gudun hijira zuwa Masar. Matar da ta taɓa kwana a ajin firamare da goyo saboda an ƙona garinsu ba ta bukatar wani ya fassara mata wannan. Ikilisiya ma ba ta ɓoye ɗacin ba: a kalandar Katolika da Angilika, 26 ga Disamba ranar Istifanas ce, wanda aka fara kashewa saboda bangaskiya, 28 kuma ranar yaran Baitalami.

Bisharar nan ba a kan shimfiɗa ta iso mu ba. A Disamban 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin shiga ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran yankinmu a lokacin. Kafin shekara ta zagayo sosai biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ne ya rayu, aikinsu ya zama mishan ɗin SIM, wadda ta buɗe tasha a Kwoi ta ƙasar Ham a 1910, daga baya ta zo Kagoro, inda makarantar Littafi Mai Tsarki ta horar da masu bishara da suka bazu ƙauye-ƙauye da ƙafa da keke. A 1954 majami'un da suka fito daga wannan aiki suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Katolika da Angilika da Baptis su ma suka kafa nasu majami'u da makarantu, har aka ba Kafanchan dayosis na Katolika a 1995, marigayi Bishop Joseph Danlami Bagobiri ya zama na farko a kujerar.

Wani abin da 'yan'uwanmu na Kano da Katsina ba su cika sani ba shi ne, da Hausa muke sujada. Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da Gwong da Nikyob da Ninzo, kowa da harshensa a gida, amma in an haɗu a majami'a Hausa ce ke ɗaukar kowa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya ba shekaru masu yawa tare da abokan aikinsa. Shi ya sa muke cewa Allah da Ubangiji da Almasihu da albarka da gafara, kalmomin da maƙwabcinmu Musulmi ke faɗa. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma a ajin karatu na majami'a ta koyi haɗa baƙi, don kawai ta iya buɗe Luka sura biyu da kanta.

Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Kafanchan ai jirgi ne ya raya ta, tun da layin Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da Jos a nan a 1927. Ina yarinya, makon Kirsimeti tashar kan cika maƙil: Inyamurai da akwatuna za su Inugu, 'yan ƙasarmu kuma na sauka daga Kaduna da Kano da Legas, sojoji da 'yan sanda da malaman asibiti, kowa zai ƙarasa ƙauye. Baba da abokansa sukan yi watanda, a sayi sa guda a yanka a kasa kashi-kashi a kan ganye. Mama takan soya cincin a cika garwa. Shinkafa a lokacin abincin biki ce, sauran kwanaki tuwo ne da acca da fate.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne asubar ranar. Tun ƙarfe huɗu, sanyi na ratsa ƙashi, matan zumunta za su fito da fitilun ƙwai, suna kaɗa tulu da kuge da caki, suna bin gida-gida da waƙa. In sun iso ƙofarmu Baba zai fito da bargo a kafaɗa, ya tsaya har su gama, a yi addu'a, su wuce gaba. Ba a ba su ko sisi, ba su kuma nema. Kafin wani ya taɓa nama a gidanmu sai Baba ya buɗe Littafi ya karanta labarin haihuwar, mu yara muna leƙen tukunya, shi kuwa ko a jikinsa, sai ya kai aya ta ƙarshe. Sannan Mama ta jera kwanuka. Kwanon farko ba namu ba ne. Na gidan Alhajin da ke bayanmu ne, kuma saboda wannan kwanon Baba kan kira Musulmi ya yanka mana kaji, aka kuma ware tukunyar da ba a taɓa dafa alade a ciki ba. Ni ake aika. Hajiya takan karɓa ta ce, "Allah ya maimaita mana, 'yata, ki gai da Mamanki," ta juye ta wanke kwanon, ta saka goro ko ƙuli-ƙuli a ciki don kada ya koma wofi. Da Babbar Sallah kuma cinyar rago ce ke tsallako katanga.

Ba ina cewa mutanen da tsarkaka ba ne. Burukutu na nan tun a lokacin, ana kuma faɗa a gidajen giya. Amma an san abin da ke gaba da abin da ke baya.

Kwanon nan ya fara yankewa ne sannu a hankali. Rikicin Maris na 1987 da ya tashi a Kwalejin Horar da Malamai ta nan garin, da na Zangon Kataf a 1992, da na 1999, sannan na bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda ya cinye kasuwar Kafanchan, kowanne ya ƙara nisanta unguwa da unguwa. Gaskiya ɗaya ce, kuma dole in faɗe ta: ba mu kaɗai muka binne 'yan'uwa ba. A 2011 an kashe Musulmi da yawa a Zonkwa da Matsirga, Fulani ma sun yi asarar rayuka da shanu, akwai marayu a rugage kamar yadda suke a ƙauyukanmu. Yau yaro na iya girma a Kafanchan har ya gama firamare bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Irin wannan yaron ne ya ƙi karɓar sandata, kuma ban ga laifinsa ba. Laifin namu ne manya, da muka bar shi ya ɗauka cewa kowane mai kiwo ɗan bindiga ne.

Sai kuma maganar kaya. A wata Kirsimeti na lura wata yarinya da ta fi kowa haddace ayoyi ba ta zo sujada ba. Da yamma na bi ta gida, na tarar da ita a bayan ɗaki tana wanke-wanke. Uwarta, gwauruwa ce mai sayar da itace, ta ce mini, "Malama, ki yi haƙuri. Tela bai ba mu ɗinki ba, ban cika masa kuɗi ba. Ta ce kunya take ji ta shiga cikin sa'o'inta da tsohuwar riga." Na dawo gida raina a ɓace, da kaina da majami'armu baki ɗaya. Muna bikin wanda aka naɗe da tsumma aka sa a komi, amma mun mai da ɗakin sujada wurin da mai tsohuwar riga ba ta iya shiga. Kowace ƙungiya da ankonta, na zumunta dabam, na mawaƙa dabam, na dangi dabam, mace ta kwashe adashin shekara ta zuba a atamfa, Janairu ta zo kuɗin makaranta ya gagara. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ga shi kuma zamani ya yi tsanani: tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka, a shekarar ce kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, manoman da suka saba yin Kirsimeti da kuɗin citta suka tashi hannu rabbana. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa ya doshi naira 100,000. Duk da haka gasar ba ta ragu ba, bashin ne ya ƙaru.

Na kwalba ba sai na ja shi da tsawo ba. Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti daren 25 ga Disamba ya ga samarin da babur ya kayar. Akwai magidantan da rabonsu da majami'a tun bara, ranar ma a mashaya za su yini, matansu na can na jiran kuɗin cefane.

Kada a ɗauka ina ƙin murna. Ina son in ga gari ya cika, 'yan birni sun dawo, ana ɗaurin aure kusan kullum, ana taron ƙungiyoyin ci gaban ƙauye. Ranar 1 ga Janairu ni ma nakan je Kagoro kallon bikin Afan, maharba da kwari da baka, masu busa ƙaho, 'yan Boys' Brigade da gangunansu, duk a fili ɗaya, garin da marigayi Gwamna Awan ya yi wa sarauta sama da shekara sittin. Bangaskiya ba ta zo ta raba mu da rawar iyayenmu ba. Haihuwa abin farin ciki ce, kuma mutanen da suka sha kuka kamar mu sun cancanci su yi dariya. Abin da nake cewa shi ne, a bikin suna ba a mantawa da jariri a ɗaki a tafi wajen makaɗa.

Bayan abin da ya faru da yarinyar nan, na kai maganar gaban dattawan majami'armu. Ba a yarda da ni nan take ba, wasu mata ma sun ji haushina. Amma a hankali muka daidaita a kan cewa yaran da ke wasan kwaikwayo da masu haddar ayoyi duk zane ɗaya za su yafa, na majami'a, don kada a gane mai sabo da mai tsoho. Matan zumunta kuma suka fara zuba mudu-mudu na hatsi tun daga Lahadin godiyar girbi, a raba wa gwauraye da waɗanda aka raba da gidajensu kafin ranar 24, a kai musu gida da dare ba tare da an kira suna a gaban jama'a ba. 'Yan'uwanmu Katolika da Angilika suna da Lahadi huɗu na shiri kafin Kirsimeti, na tuba da jira, kuma na ga amfanin abin har na ɗauko shi a gidana. Kowane dare na Disamba, ko akwai wuta ko babu, jikokina kan ajiye waya mu karanta 'yan ayoyi, kowa ya ambaci mutum ɗaya da zai yi wa addu'a. Sharaɗina ɗaya ne, a cikin mako sai ka ambaci wanda ba ka so.

Yaron nan da ya ƙi sanda kuwa, ban tilasta shi ba. Na je gidansu na gai da kakarsa, wadda ke zaune wurinsu tun da aka ƙona nata gidan. Na ba ta labarin abin da ya faru. Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta kira shi ta zaunar da shi a gabanta. Ta ce masa shekara talatin wata Bafulatana na kawo mata nono da man shanu, ita kuma tana ba ta dawa, ranar da ta haifi ubansa ma matar na cikin waɗanda suka fara zuwa barka. Ta ce, "Waɗanda suka ƙona ɗakina Allah ya san su, kuma ina roƙon hukuma ta kama su. Amma Sarki Dauda makiyayi ne, Ubangijinka ma ya kira kansa makiyayi. Kada ka bar mugaye su ƙwace maka wannan suna." Shekarar bai hau wasa ba, ya zauna kusa da ita a benci. Da shekara ta zagayo, shi da kansa ya zo ya ɗauki sandar. Yanzu ya zama saurayi, shi ke taya ni koya wa ƙananan inda za su tsaya.

Gafara ba ta hana neman adalci. Har yanzu muna binne mutane, har yanzu akwai ƙauyukan da ake sujadar dare da 'yan sintiri a bakin ƙofa, wasu majami'un ma sun mai da ta jajiberi zuwa yamma don kowa ya isa gida da haske. Haƙƙin gwamnati ne ta tsare ran manomi da na makiyayi, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma abin da za mu zuba a zuciyar yaranmu, wannan ba gwamna ba ne zai yi mana.

Hajiyar bayan gidanmu ta daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun koma wata unguwa tun 2011. Bara na nemi gidan babbar 'yarta, na sa Musulmi ya yanka kaza, na dafa a tukunya dabam, na ba jikata kwano muka hau Keke Napep tare. Da ta buɗe ƙofa ta gane ni, sai ta riƙe hannuna ta kasa magana. Kwanon ya dawo da dabino a ciki.

'Yan'uwana masu bi na Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kagoro da duk inda wannan mujalla ta same ku, bana kafin a sauke tukunya a buɗe Luka sura biyu a karanta wa yara. A duba layinku a ga wace yarinya ce za ta ƙi zuwa sujada saboda riga. Kwanon farko kuma a tsallaka da shi unguwar da aka daina zuwa. Ku kuma maƙwabtanmu Musulmi, in yaro ya ƙwanƙwasa muku ƙofa ranar 25 ga Disamba da kwano a hannu, ku karɓa, yankan Musulmi ne. Barkanmu da Kirsimeti.